Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan gwajin jinin takwarana

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

A bakin ƙanwarka na ji cewa an auna jinin takwarana an sami dalma har 38, kai kuma ka naɗe takardar ka jefa aljihu, wai na'urarsu ce ta lalace, tunda yaro yana wasansa yana cin tuwonsa. To, ta yiwu. Idan a ɗan yatsa aka tsaga alhali akwai ƙura a hannun, lambar takan haura gaskiyarta. Maganin wannan shakka ɗaya ne: a wanke shi tas, a ɗebi jinin a jijiya a sake aunawa. Amma ka sani Hukumar Lafiya ta Duniya tun daga 5 take cewa a nemo inda gubar ke shigowa, a 45 kuma ake fara ba yaro maganin da ke fitar da ita. Ka duba inda 38 ta fi kusa.

Na ji matarka tana ɗora laifin a kan kwallin da kakarsa ta aiko. Wani kwallin yana da dalma, gaskiya ne, haka tukunyar da aka ƙera da tarkacen ƙarfe da tsohon batir ɗin mota. Duk a kawar da su. Sai dai kada ku ɓuya a bayan kwalli. Dutsen zinariyar da kake kawowa daga rami, a ina ake daka shi? Rigar da kake dawowa da ita fari fat da ƙura, wa ke fara rungumar ta a ƙofar gida?

Kana da wayonka a 2010. Ka ga abin da ya faru a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma na Zamfara, daga baya aka gano Bagega ma haka take. Yara wajen 400 aka binne saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake dakawa a gidaje. Da farko iyaye sun ɗauka zazzaɓi ne ko iska, sai amai, sai jijjiga. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Ba ma masu jijjigar ne ke hana ni barci ba, waɗanda suka rayu ne. Dalma tana cin ƙwaƙwalwar yaro shiru, ba zafin jiki ba kuka, sai an kai shi makaranta a ga karatu ya ƙi zama, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ka fi ni karatu, wannan sakaci bai kamace ka ba. Da na hana ka wannan sana'a ka ce tsufa ne ke damuna.

Na san ba kwaɗayi ya kai ka ba. Gona ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, baki kuma ba ya jira. Ban ce ka bar aikin yau ba. Ka bar dutse a daji, ka yi wanka ka canza kaya kafin ka shigo, a riƙa wanke hannun yaro kafin ya ci abinci. A auna matarka ma, tunda tana da juna biyu, gubar tana kaiwa ga ɗan ciki.

Ka kawo mini yaron Gusau da takardar, ni zan kai shi asibiti. Kuɗin mota yana hannun ƙanwarka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.