Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano Kan Littattafan Da Suka Koma Cikin Waya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata kasuwa da ta tashi daga Sabon Gari ba tare da kowa ya ji ƙarar tashinta ba. Tun daga shekarun 1980 Kano ce cibiyar littattafan hikaya na Hausa. Marubuci ya rubuta, ya kai wa mai buga takarda, ya raba labarinsa na ɗaya, na biyu, na uku, 'yan kasuwa su sara su kai Kaduna, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Wadda ba ta da kuɗin saye ta je wajen mai haya. Manazarta suka laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, wasu da yabo, wasu da raini.

Yau je ka nemi waɗannan rumfunan. Kaɗan suka rage, su ma littattafan makaranta da na addini ne ke riƙe da su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masana'antun takarda na Jebba, Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biya wa ƙasar nan buƙata, sai an shigo da takarda da dala, kuma tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a 2023 kuɗin bugu ya fi ƙarfin ƙaramin marubuci. Ita kuwa waya tana hannun kowa. Marubuciya ta buɗe guruf a WhatsApp, ta saki shafukan kyauta har labari ya ɗau zafi, sannan ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ya aiko da shaidar biya. Wasu suna Wattpad, dandalin ɗora labarai a intanet, wasu an karanta nasu da murya an ɗora a YouTube. Masu labari cikin zane ma hanyar da suka bi ke nan, kuma ba mu kaɗai ba. A Japan, inda wannan sana'a ta fi ƙarfi a duniya, cinikin littattafan zane ta intanet ya zarce na bugaggu tun 2017. A Legas, kamfanin Comic Republic ya fara a 2013 yana sakin nasa kyauta a intanet. Yaron Fagge ko Ɗorayi da Allah ya hore wa hannun zane, wa zai ba shi jarin buga shafi talatin mai launi? Sai ya zana a waya ya ɗora a Facebook.

Ban zo kukan takarda ba, Mai Girma. Matar da ke cikin gida a ƙauye yanzu tana iya samun masu karatu a Agadas da Kumasi ba tare da ta roƙi ɗan kasuwa ya karɓi littafinta bashi ba, wannan alheri ne. Abin da ke damuna shi ne ajiya.

Littafin takarda ko an wulaƙanta shi, kwafi ɗaya kan tsira a ƙasan akwatin wata tsohuwa. Na waya ba haka yake ba. Guruf ya watse, waya ta faɗa ruwa, an rufe shafi, shi ke nan, aikin shekara guda ya bi iska. Mun ga misali: OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a ciki, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kamfani ne, yana da ikon rufe shagonsa. Amma wace hukuma ce ta kwashi kwafin abin da ke ciki ta adana? Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta ce mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, sai dai an rubuta ta a zamanin da littafi ke nufin takarda da tawada. Birtaniya ta gyara tata tun 2013 ta haɗa da abin da aka wallafa a intanet. Mu kuwa ginin hedikwatar ɗakin karatun namu a Abuja, da aka ba da kwangilarsa a 2006, shekara da shekaru aka yi ana kallonsa ba a gama ba. Don haka ban ga amfanin Kano ta zauna jiran Abuja ba.

Kuma a gafarce ni in faɗi wata gaskiya. Duk lokacin da gwamnatin jihar nan ta tuna da marubuta, da almakashi take zuwa. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 an tara littattafai an cinna musu wuta a bainar jama'a. Ban ce babu shara a cikin abin da ake rubutawa ba, akwai, ta waya ma ta fi ta da muni, kuma iyaye suna da hujjar damuwa. To amma gwamnatin da ta iya kafa hukumar tacewa ta iya kafa ta adanawa. Abin kunya ne a ce ɗalibin Jami'ar Bayero da ke neman littattafan 1990 sai ya dogara da tarin da wasu malamai suka yi da aljihunsu, ko wanda aka tara a makarantar SOAS ta Landan.

Roƙona bai fi ƙarfin kasafin jiha ba. A buɗe sashe a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad inda marubuci ko mai zane zai aika da aikinsa ta waya, a ba shi shaidar karɓa mai kwanan wata, a ajiye kwafi ba tare da an sake shi ga jama'a ba sai da izininsa. Wannan shaidar kaɗai za ta taimaki wadda aka fitar mata da littafi aka raba a guruf-guruf kyauta, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba ta damar neman a sauke aikinta daga intanet, amma sai ta nuna nata ne. Sharaɗi ɗaya: kada sashen ya zauna ƙarƙashin hukumar tacewa. In marubuta suka ji ƙamshin tarko, ko mutum ɗaya ba zai kawo ba.

Sannan a aika ma'aikata Sabon Gari da Kurmi su sayi abin da ya rage a hannun tsofaffin 'yan kasuwa da masu haya, a ɗauki hotonsa shafi-shafi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta nuna mana abin da dare ɗaya kan yi wa kasuwa, kuma masu wannan kaya suna ta sayar da shi ga masu ƙosai a kan kilo.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon mai shagon littattafai, Kano.