Kwamfuta jikanyar masaƙa ce, a faɗa wa yaranmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da malaman da ke koyar da darasin kwamfuta a ƙananan sakandare. Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Na duba littafin jikata, na tarar an jera mata sunaye ta haddace: Pascal, Babbage, Hollerith. Tana zubo su tiryan-tiryan, amma ba ta san me ya sa mutanen nan suka wahalar da kansu ba.

Alhali kowannensu larura ce ta tura shi. Pascal bai cika shekara 20 ba ya fara ƙera na'urar tarawa da ɗebewa a 1642, saboda mahaifinsa jami'in haraji ne a Faransa, lissafi ya sha masa kai. Hollerith kuwa ƙidayar jama'ar Amurka ce ta tayar da shi. Ta 1880 ta ci shekaru ana haɗa alƙaluma, sai ya fito da injin da ke karanta katuna masu huda, aka yi ta 1890 da shi. Kamfaninsa na cikin waɗanda aka haɗe suka zama IBM, babban kamfanin kwamfuta.

Wanda ya fi burge ni, ko don harkata ce, shi ne Jacquard, mutumin birnin Lyon na Faransa. Wajen 1804 ya ɗaura wa masaƙa jerin katuna masu huda. Inda akwai huda zare ya ɗaga, inda babu ya zauna, sai ado ya fito a jikin yadi ba tare da an ajiye yaro yana jan zaren ba. Ka sauya katuna, ado ya sauya, masaƙar tana nan yadda take. Wannan dabara Babbage ya ara don ba injinsa na lissafi umarni, injin da ake kallo a matsayin mafarin kwamfuta, wanda har ya rasu a 1871 bai ga an kammala ba. Furannin da ke jikin shadda har gobe da irin saƙar Jacquard ake fitar da su.

Kuma me ya hana a faro daga gida? Al-Khwarizmi, masanin lissafi na Bagadaza, ya cika babban sashe na littafinsa na aljabara da matsalolin wasiyya da rabon gado, abin da malamanmu na zaure ke warwarewa kullum. Kakanninmu a Kasuwar Kurmi sun ƙirga wuri har keso, wato 20,000, babu takarda babu alƙalami.

Malamin da zai koyar da wannan babi ya shiga aji da ƙyallen shadda da kwalin da ya huda da ƙusa. In bai da ƙyallen, ya tambayi kowane tela a unguwarsu.

Naka,
Wani mai karatu,
Fagge, Kano.