Alkawarin Ibrahim ba sa hannu a takarda ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Amsar da baƙonku ya ba matar nan da ta bugo waya a shirinku na rediyo na ranar Lahadi ta ɓata mini rai ƙwarai. Ta tambaya me ya sa Ibraniyawa suke cewa karat, wato yanka, wajen ƙulla alkawari, sai ya ce mata salon magana ne kawai, kamar sa hannu a takarda. Haba malam!

Ni nake koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu, yawancinsu iyaye mata ne da ba su iya karatu ba, abin da rediyo ya faɗa shi suke riƙewa. Na sha wahala kafin su gane Littafin Farawa sura 15: yadda Ubangiji ya sa Abram, wato Ibrahim, ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne bana uku, da kurciya da ɗan tattabara, ya tsaga dabbobin gida biyu-biyu ya jera su daura da juna, da duhu ya yi sai tanderu mai hayaƙi da harshen wuta suka ratsa tsakani. A aya ta 18 ne aka ce Ubangiji ya yanka alkawari da shi. Yanzu wata baba ta tare ni tana cewa, "Malam, ashe ba wani abu ba ne, rediyo ya faɗa." Me zan ce mata?

Baƙon naku ya buɗe Littafin Irmiya sura 34 mana. A zamanin Sarki Zadakiya, manyan Urushalima sun yi alkawarin 'yanta bayinsu Ibraniyawa, suka raba ɗan maraƙi biyu suka bi ta tsakiya, daga baya suka sake kamo bayin. Hukuncin da aka yi musu shi ne gawawwakinsu za su zama abincin tsuntsaye da namomin jeji. Duk wanda ya ratsa tsakanin naman nan, ransa ya jingina, ya ce in na saɓa a yi mini haka. Kuma a Farawa 15 Abram bai ratsa ba, barci mai nauyi ne ya kwashe shi, Allah ne ya ɗauki nauyin. Wannan ne za a kira salon magana?

Kalmar karat ɗin ce aka yi amfani da ita da Dawuda ya datse kan Goliyat, ita ce kuma a Farawa 17:14 inda aka ce za a datse marar kaciya daga jama'arsa. Ba kalmar wasa ba ce.

Ku dawo da baƙon ya gyara a iska, ba a ɓoye ba. Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir da kuke cusawa ana tsakiyar karanta nassi, har aya ma ba a barin ta ta ƙare.

Mai sauraronku,
daga Wusasa, Zariya