Kafin ka ɗaura jakarka, Abba

Assalamu alaikum. Na zaɓi in rubuto ne saboda in mun zauna gaba da gaba, kai ka kafe ido kan waya, ni kuma murya ta ɗaga, sai a tashi ba a gama ba.

Mahaifiyarka ta nuna mini kwantiragin ƙwallon kwandon da ka samu a Indonesiya. Alhamdu lillahi. Na san Indonesiya ba can ka so ba, tun kana ƙaramin yaro a filin bayan gidanmu na Bronx NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kake ambato. To gurbi 60 ne kawai ake ɗauka a zaɓen shekara, masu nema kuwa dubbai. Kada ka tafi da kai a sunkuye. P.J. Tucker ya bar Toronto ya yi yawon Isra'ila da Yukren da Jamus, sai 2012 ya komo NBA, a 2021 ya ɗaga kofi da Milwaukee. Stephon Marbury, ɗan nan Brooklyn, kofi uku ya ci wa Beijing har suka gina masa mutum-mutumi. Ni da na ji ƙasar Musulmi ce ma har daɗi na ji, za ka ji kiran salla, ba kuma sai ka tsaya karanta bayan gwangwani kafin ka ci abinci ba.

Batun kuɗi a taƙaice: kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, fasfonka ya zauna a hannunka, ka kuma riƙa ajiye wani abu, domin a irin waɗannan kulob baƙo ne ake fara sallama in wasa ya ƙi, ko gwiwa ta motsa. Shi ya sa na matsa sai ka gama digiri. Ka yi ta fushi da ni a lokacin, har yau kuma ban ga laifina ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kawunka ya ce ya ga abin zuƙar nan a motarka, da wata alewa a ƙaramar leda. Ban tambaye ka ba, don ba na so ka yi mini ƙarya. Na san abin da za ka ce: tun 2021 doka ta halatta wiwi a New York, kowa a ƙungiya yana sha don ciwon jiki da samun barci. Haramcinsa kai da Ubangijinka, ka yi karatun allo, ba sai na maimaita ba. Ni dokar can nake ji maka.

Brittney Griner, 'yar ƙwallon kwandon Amurka, ta fi ka suna nesa ba kusa ba, tana da zinaren Olamfik biyu a lokacin. A Fabrairun 2022 aka tare ta a filin jirgin Mosko da man wiwi da bai kai giram ɗaya ba, ga takardar likita ta Amurka, aka yanke mata shekara 9. Sai da gwamnatin Amurka ta ba wa Rasha Viktor Bout, dillalin makamai, aka sako ta a Disamba. Wa za a bayar a karɓo ɗan direban tasi? A Indonesiyar da za ka, a Mayun 2025 aka kama Jarred Shaw, Ba'amurke mai buga wa Tangerang Hawks, kan ƙunshin alewar wiwi da aka aiko masa daga Tailan. Kulob ya kore shi, hukumar gasar ta haramta masa wasa har abada, 'yan sanda kuma suka ce laifin na iya kaiwa ga hukuncin kisa. Kuma ba barazana ba ce a Indonesiya, a 2015 sun harbe masu laifin ƙwaya, har da 'yan Najeriya da 'yan Ostareliya biyu, duk da roƙon gwamnatocinsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi da naka.

Wallahi Abba, ban kwana ina zagaye titunan Manhattan cikin ƙanƙara ba don in ƙare da ganinka a talabijin da ankwa. Ka ce ban zo kallon wasanninka ba. To wa ya biya takalman? Kai ka girma da shuɗin fasfon Amurka, kana ganin shi ne laya. Ni da na tsaya layin biza na san in ka shiga ƙasar mutane, dokarsu ce kawai ke magana.

Ka yi haƙuri da zafin, tsoro ne. Ka zazzage jakunkunanka kaf, har aljihun tsofaffin wandunan atisaye, ka bar mahaifiyarka ta sake shirya maka. Kada ka riƙe wa kowa saƙo, ko abokin wasanka ne, kada kuma a aiko komai da sunanka. In ciwon bayan ya taso, likitan kulob za ka gani. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Ranar Alhamis ba zan fita aiki ba, ni zan kai ka filin jirgi. Ka kira Hajiya a Kano kafin nan, tana ta tambaya.

Mahaifinka