A ɗaure kayan aiki kafin a hau sama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu ja hankalin 'yan uwanmu kafintoci, birkiloli, masu walda da masu ɗora sola da tankin ruwa. Benaye sai ƙaruwa suke a Katsina, kuma yawancinsu a bakin hanya ake gina su, inda yara 'yan makaranta, almajirai da 'yan talla ke wucewa ta ƙarƙashin masu aiki. Amma har yau da wuya ka ga guduma ko sifana ɗaure da igiya a hannun wanda ke sama.

Guduma mai nauyin kilo 1 idan ta suɓuce daga mita 10, wato kusan tsayin bene mai hawa uku, ba ta cika daƙiƙa ɗaya da rabi ba ta iso ƙasa, tana gudun kusan kilomita 50 a awa. Kafin a ce "kauce!" ta riga ta sauka. Masu cewa ai akwai hular kwano su sani, a ƙa'idar Turai ana gwada hular ne da nauyin kilo 5 daga tsayin mita 1. Ƙarfin waccan gudumar ya ninka haka sau biyu, kuma hula ba ta rufe kafaɗa ko ƙashin baya. Yarinyar da ta kawo wa leburori fura kuwa ko hular ba ta da ita.

Ɗaurin yana da ƙa'ida. Kayan hannu marasa nauyi, irin su filaya, sifana, tef ɗin awo da cokalin gini, a ɗaure su a ɗamarar aiki da igiyar da ba ta wuce tsawon miƙewar hannu ba. Idan ta yi tsawo za ta saƙale a rodi ko a ƙafa, kuma abin da ya faɗi zai yi nisa kafin ta tare shi, fizgar ta fi tsanani. Abin da ya haura kilo 2, kamar injin huda bango ko na yankan ƙarfe, kada a ɗaure shi a jikin mutum ko kaɗan. A ɗaure shi a jikin ƙarfen ginin, sama da wurin aiki. In ya faɗi yana ɗaure a ƙugu, yana iya jan mai shi su tafi tare. Haka kuma inji mai juyawa ba a ɗaure shi a wuyan hannu, domin in igiyar ta naɗe a bakinsa har hannun za ta ja.

Wurin da aka fi samun matsala shi ne inda igiya ta kama kayan. Ƙulli a kan ƙota mai santsi zamewa yake yi da zarar gumi ko mai ya taɓa shi. A huda ƙarshen ƙotar, a zura igiya ta ramin. Sifanar da ke da zobe a bakinta ɗaya, ta nan za a zarga. Sannan a duba kan gudumar kanta: da hunturu itace yana bushewa ya tsuke, sai kan ya fice ya bar ƙota ɗaure lafiya lau a jikin igiya. Jiƙa ta a ruwa, kamar yadda wasu ke yi, maganin yini ɗaya ne. A buga mata ƙaramin ƙarfe a saman ƙotar ya matse ta, ko a sauya ƙota. Batirin injin huda ma yana ficewa idan bai zauna daram ba. Wayar wutar inji ba igiya ba ce, robar tiyub kuwa in ta ja sai ta dawo da kayan a fuskar mai shi. Igiyar nailan rana tana cinye ta, tartsatsin walda yana ƙona ta, don haka a bi ta da yatsa kowace safiya, wadda ta fara sili-sili a yar da ita.

Al'adar jefa wa na sama kaya, ko jefo su ƙasa bayan an tashi, ya kamata a daina ta gaba ɗaya. A sa ƙusa, noti da ƙananan kaya a jaka mai rufewa, a ja da igiya. Bokitin fenti na roba hannunsa yana ficewa, kuma kowane bokiti kada a cika shi fiye da kashi biyu cikin uku. Wayar salula a aljihun gaban riga tana faɗowa da zarar an sunkuya. Idan za a miƙa wa abokin aiki kaya, shi ya fara maƙala igiyarsa kafin mai bayarwa ya kwance tasa.

Katakon da ake tsayawa a kai yana buƙatar wani katako a tsaye a gefensa, mai tsayin santimita 15, don ƙafa kada ta ture kwanon sarki ko ɓaraguzan bulo. A ƙasa a kewaye wurin, a kuma faɗaɗa kewayen, saboda ƙarfe in ya bugi wani abu a hanya gefe yake tsalle. Da yamma a ƙirga kayan da aka hau da su, a danne ko a ɗaure kwanon rufin da ba a buga ba, musamman a farkon damina da iska ke tasowa ba sallama.

Muna kira ga hukumar tsara birane ta jiha ta sa kewaye wurin aiki da ɗaure kaya cikin sharuɗɗan izinin gina bene a bakin hanya, 'yan kwangila kuma su sa kuɗin igiya da jaka a lissafin aiki, kada a bar wa yaron da ake biya kuɗin yini ya saya daga aljihunsa.

Wassalam.

Daga wasu kafintoci da masu walda,
Ƙofar Ƙaura, Katsina