Direbobin manyan a-kori-kura, a duba nauyi da gangare kafin a sayi takalmin birki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu ja hankalin 'yan'uwanmu da ke neman abinci da manyan a-kori-kura tsakanin Jidda, Makka da Ta'if, irin su Ford F-250, GMC Sierra 2500, Silverado da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Abin da aka saba shi ne direba ya shiga shagon kayan gyara ya ce a ba shi fahmat, wato takalmin birki, mai shago ya ce asali ko tijari, wato na kamfanin motar ko na kasuwa, ciniki ya ƙare a kan riyal. Ba wanda ya tambayi kayan da motar ke ɗauka, balle hanyar da take bi, alhali waɗannan biyun ne ya kamata su zaɓi takalmin.

Birki ba ya tsayar da mota sai ya mai da gudunta zafi. F-250 in an cika ta takan kai tan 4 da rabi, kuma ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Wanda ya taso daga Ta'if ya bi gangaren Hada zuwa Makka zai sauko sama da mita 1,500. In ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, ɗankon da ke riƙe da takalmin zai fara ƙonewa, fuskarsa ta yi sulɓi kamar gilas. Sai ka taka, feda na da tauri, amma mota na ci gaba da tafiya.

Takalmi iri uku ne a kasuwa. Mai laushi, wanda ba ƙarfe sosai a cikinsa, na ƙaramar mota ne, mu ajiye shi gefe. Na siramik shi ne wanda masu shago suka fi yabawa, don ba ya ƙara kuma ba ya baƙanta wili da ƙura. Ga wanda ke yawo cikin gari da bayan mota fanko, ba laifi. Amma mai ɗaukar siminti, tankin ruwa, ko mai jan tirelar tumaki, a ganinmu ya nemi mai haɗin ƙarfe, wanda aka rubuta wa semi-metallic a kwali. Garin ƙarfen da ke cikinsa yana sa ya ci gaba da kamawa bayan ya yi zafi. Zai yi ƙura, wani lokaci ya yi tsuwa da safe, kuma yana cin faifan birki fiye da siramik. Duk wannan mai sauƙi ne in aka auna da birkin da ya saki a kwana.

Kada a saya da sunan mota kawai. A je da lambar shasi, wadda ke da haruffa da lambobi 17, tana cikin istimara, wato takardar rajistar mota. F-350 mai taya biyu-biyu a baya da mai taya ɗaya ba lalle takalminsu ya zo ɗaya ba, haka ma shekarar ƙira takan canza shi. A riƙe tsohon a gwada da sabon, kunne da kunne.

Akwai alamar da direbobi da yawa ba sa dubawa. A gefe ko bayan takalman da aka yi bisa tsarin Amurka za a ga haruffa biyu a ƙarshen lambar, kamar EE, FF ko GG. Na farko ƙarfin kamu ne a zafi na yau da kullum, na biyu kuma in ya yi zafi sosai. A ma'aunin kamu, E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55. Takalmin da aka rubuta wa FE yana gaya maka da bakinsa cewa ƙarfinsa na raguwa in ya ɗauki zafi, don haka ga motar kaya mun fi son FF ko sama. Na tsarin Turai kuma suna ɗauke da alamar 90R, wato an gwada kamunsu bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba. Takalmin da ba lamba, ba sunan kamfani, ko aka ga rata tsakanin naman da ke gogar faifai da ƙarfen bayansa, a mayar wa mai shago kayansa.

Sabon takalmi kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko 3 a canza, hagu da dama tare. In na ciki ya cinye ya bar na waje, ko gefe ɗaya ya fi ci, matsalar ba ta takalmi ba ce: fil ɗin kalifa, wato abin da ke matse takalmin a jikin faifai, ne suka kafe da ƙura, ko fistin ya maƙale. A zare fil ɗin, a goge, a shafa giris na silikon, domin giris na yau da kullum yana kumbura robar. A rataye kalifa da waya, kada a bar ta tana lilo a jikin tiyo. Faifai kuma an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Kafin a kai shi a kankare, a auna. Faifan da ya sirance ba shi da jikin shanye zafi, kuma yana iya kawo karkarwar sitiyari in an taka.

Man birki yana shan danshin iska, Jidda kuwa kowa ya san danshinta. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan faɗo kusan 155, a nan ne feda ke nutsewa ƙasa. A canza shi duk shekara biyu, da irin wanda aka rubuta a murfin tankin.

Bayan an ɗaura, a bubbuga feda har ta yi tauri kafin a motsa mota. Sannan a sami titin da ba jama'a, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau 8 zuwa 10 ba tare da tsayawa cak ba, a yi ɗan tafiya ya huce. Ranar kada a lafta mata kaya a nufi dutse. In kuma an zo gangaren, a sa ƙaramar giya tun daga sama, mai otomatik ya danna maɓallin jan kaya in motarsa na da shi, a riƙa taka birki da ƙarfi ana saki maimakon a kwantar da ƙafa a kai.

Mun gode, Allah ya tsare hanya.

Daga wasu kanikawa 'yan'uwanku,
Sina'iyya, Jidda