Amsa ga Baba maharbi: dalilin da ya sa na ƙi yanke kunnen kwikwiyon jikanka

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranar da ka bugo waya cikin shirin manoma da makiyaya a gidan rediyo nan Garwa, lokaci ya ƙure kafin in buɗe baki. Tambayarka kuwa ta shiga kunnen kowa. Ka ce: "Likita, jikana ya kawo maka ɗan kwikwiyo ka rage masa kunne da wutsiya, ka ce ba za ka yi ba. Mu haka muka taras iyayenmu suna yi. Su azzalumai ne ke nan? Kuma kai da kake dandaƙe bijimai, kana huda kunnen shanu, ina bambancin?" Tun daga ranar ake tare ni da ita a kasuwa da ƙofar masallaci. Da yake a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a ya kamata in amsa.

Iyayenmu ba azzalumai ba ne, Baba. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ni ma a gidan da ake wannan abu na tashi. Ina ɗan shekara tara aka sa ni na danne wani jan kwikwiyo tsakanin gwiwoyina, yayana ya kama kunnen ya zarge shi da reza, aka ɗebo toka a murhu aka danna a wurin. Har yau ina jin yadda zuciyarsa take bugawa a tafin hannuna, ga fitsarin da ya sake mini a ƙafa. Yayana mutum ne mai tausayi, shi ke raba tuwonsa da karen nan. Ya yi ne don ya yarda alheri yake masa. Abin da aiki ya nuna mini daga baya shi ne alherin da ake zato ba ya nan, ciwon kuwa yana nan daram.

Hujjarku ta maharba ita ce mafi nauyi, ita kuma na fi girmamawa. Kare na kutsawa cikin sarƙaƙiya bayan zomo, ƙaya ta tsage masa kunne. In ya yi karo da mugun dawa ko gwaggon biri, kunne ne abin kamawa na farko. Na ɗinke irin waɗannan raunuka da hannuna, na san kunne na zubar da jini sosai, kare kuma na ta kaɗa kai yana ɓalle ɗinkin. Amma ka zauna ka ƙirga mini, Baba, cikin karnukan da ka bi daji da su tsawon rayuwarka, waɗanda aka bari da kunnensu, nawa ne tsagewar kunne ta kashe ko ta hana farauta? Wanda ya tsage, an wanke, ya warke, ya koma daji da tabonsa. Shi kuwa yanka, kowane kwikwiyo ake yi wa, wanda zai ji rauni da wanda har ya tsufa ƙaya ba za ta taɓa shi ba. Ana ba kowa babban ciwo yau don gudun ƙaramin ciwon da watakila zai sami ɗaya gobe.

A kan wutsiya har an yi lissafi. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a shekarar 2010 ya duba karnuka sama da 138,000 da aka kai asibitocin dabbobi, aka sami 281 kacal da raunin wutsiya. Masu binciken suka ce sai an guntule wa karnuka kusan 500 wutsiya kafin a kare rauni guda. Ba zan ɓoye maka ba, sun ga karnukan aiki sun fi na zaman gida jin raunin. Saboda haka ne dokar Ingila ta 2006, wadda ta hana guntule wutsiya, ta bar ƙofa ga wasu karnukan farauta da na aiki, da sharaɗin likita ne zai yi, kuma kwikwiyon bai wuce kwana 5 ba. Kunne kuwa ba a bar masa ƙofa ko ɗaya ba. Su ma can suna da maharba, suna da dazuka masu ƙaya.

Sai maganar ƙuda, wadda ita ce ta fi damun mutanenmu. Kowa ya san karen da bakin kunnensa ya zama gyambo da damina, baƙin jini ya daskare, ƙudaje sun yanyame shi. Mai kare ya gani ya ce gara a cire kunnen a huta. Ƙudan da ke wannan ɓarna ba na kan tuwo ba ne, mai cizo ne, irin wanda ke addabar ƙafafun shanu da jakuna. Yana hayayyafa ne cikin kashin dabbobi da ya cakuɗa da ruɓaɓɓiyar ciyawa mai danshi. In ka yanke kunnen, ƙudan bai bar gidan ba, sai ya koma kan kututturen da ya rage, ga ramin kunne a buɗe ba murfi, ƙura da tsabar ciyawa na faɗawa. Abin da nake sa mutane su yi ba shi da tsada. A kwashe turken, a janye karen daga gindin garke zuwa inuwa mai iska, a wanke bakin kunnen da ruwan ɗumi da sabulu, a shafa man basilin da kauri safe da yamma, ko man korar ƙuda in da hali. Da ƙudan ya rasa wurin sauka, gyambon ke fara kamewa. Haka ma ciwon cikin kunne mai wari da ƙaiƙayi: can cikin rami yake, ƙwayoyin cuta ne ko ƙananan ƙwari, yanke fatar waje ba ya kai gare su.

Masu cewa yanka na sa kare ya ƙara ji, su dubi yadda mai tsohon kunne ke kai tafin hannu bayan kunnensa in zai saurari magana. Aikin da fatar kunnen kare ke yi ke nan, tana tattaro sauti, tana juyawa inda motsi yake.

Yanzu bari in faɗa maka gaskiyar abin da ya kawo jikanka wurina, don ba farauta ce ta kawo shi ba. Karensa ruwa biyu ne, uwar ta gida, uban irin na waje, kuma hoto ya nuna mini a wayarsa, na wani kare irin na waje da ake kira Dobaman, mai kunne tsaye kamar mashi, ba wutsiya. Ya ce haka yake so nasa ya zama, don a ji tsoronsa, in ya haihu kuma 'ya'yan su yi kuɗi. Yaron bai san Dobaman da faɗaɗan kunnuwa masu lanƙwasa da doguwar wutsiya ake haifarsa ba. Wancan tsayin da ya gani aikin wuƙa ne. Ana yanke kunnen yana ɗan mako 7 zuwa 12, a ɗinke, sannan a ɗaure shi da sanda da filasta makonni, wani lokaci watanni, har guringuntsin ya sandare a tsaye. Jamus, ƙasar da aka samar da wannan kare a ƙarshen ƙarni na 19, ta hana yanke kunne tun 1987, ta hana na wutsiya a 1998 in ban da karnukan farauta. A 1987 ɗin ne kuma ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Sitirasbug na Faransa wadda ta hana yi wa dabbar gida tiyata don kwalliya kawai. Faransa ta shiga, ta hana yankan kunne, ko da yake ta ware wutsiya. A Amurka ne abin ya fi daɗewa, can ma ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta ce ba ta goyon bayan yin sa don ado. Ban kawo waɗannan don in ce abin da Bature ya yi shi ne daidai ba. Na kawo ne don ka ga yayin da samarinmu ke kwaikwayo, masu shi sun jima da ajiyewa, kuma ba shi da haɗi da gadon da ka karɓa daga iyayenka.

Da samarin nan sun ga abin da nake gani a kan teburina, da jikinsu ya yi sanyi. Damina da ta wuce wani yaro ya shigo da kwikwiyo cikin kwali. Wani mai sayar da karnuka ne ya yi masa aikin da almakashi, ba allurar kashe zafi, ya shafa baƙin mai, ya ɗaure gindin wutsiyar da robar tayar keke don ta mutu ta faɗi da kanta. Kwana shida ke nan. Da na ɗaga tsumman, wari ya cika ɗakin, tsutsotsi na motsi a cikin kunnen dama. Wutsiyar ta yi baƙi, kumburin ya haura har kwankwaso, kwikwiyon bai iya tsugunawa ya yi kashi. Ko kuka ya daina, sai nishi. Mun cire tsutsa ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, yaron na tsaye yana hawaye yana cewa shi dai kyau yake so ya yi masa. Ya rayu, amma har yau in hannu ya nufi kansa sai ya kai cizo. Wannan shi ne "zafin" da ake cewa yanka na sa wa kare: tsoro ne, kuma mai irin wannan tsoro yaran gida yake fara cizo kafin ɓarawo.

Ita wutsiya ba tsumma ba ce da aka maƙala. Ci gaban ƙashin baya ce, gaɓoɓi kusan 20 da tsoka da jijiyoyi. Masu cewa jaririn kwikwiyo bai san zafi ba, ba su taɓa riƙe shi ana yi ba. Jijiyar da aka datse kan dunƙule a bakin tabon ta riƙa zogi, shi ya sa za ka ga guntun kare na juyawa yana gatsar kututturensa. Kai kuma ka fi ni sanin amfaninta. Ka sha ganin karenka ya karya kwana a guje bayan zomo, wutsiyar na yi masa aikin sandar mai tsallaka rafi. Da ita da kunnuwa kake karanta shi tun daga nesa: in ya miƙe ta ya kafe kunne ka san ya shaƙi wani abu, in ya cusa ta tsakanin cinyoyi ka san abin da ke cikin kurmin ya fi ƙarfinsa. Haka 'yan'uwansa karnuka ke karanta shi, haka yaron da zai wuce ta gabansa. In an cire su, an ƙwace masa baki.

Ka tambaye ni dandaƙa da hujin kunnen shanu. Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ce ba su da zafi ba. Ma'aunin da nake bi shi ne: me za a samu, kuma akwai wata hanya? Dandaƙa na hana bijimi kashe ɗan'uwansa ko mai kiwonsa, alamar kunne na nuna wadda aka yi wa riga-kafi, ita ma ɗan huji ce, ba cire gaɓa ba. Ni kaina na sha guntule wutsiyar kare: wadda mota ta murƙushe, wadda ƙari ya fito mata. Sai in sa masa maganin barci, in yanke, in ɗinke, ba na jin komai a raina, don magani ne. Abin da hannuna ya ƙi shi ne sa wuƙa a lafiyayyar gaɓa.

Ni ba malami ba ne, Baba, amma abin da muka ji a zaure ya ishe ni tsoro. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, cikin alkawuran da Shaiɗan ya ɗauka har da umartar mutane su tsattsage kunnuwan dabbobi, su canza halittar Allah. Malamai sun ce dabbobin da ake keɓe wa gumaka ake nufi da farko, to amma ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yi wa dabba gunduwa-gunduwa da ranta, ya kuma hana yin lalas a fuska. Shi ne ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi da huffinsa. Karen farauta kuwa Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta halatta abin da ya kamo in an horar da shi. Dabbar da Allah ya ba wannan matsayi, wadda ke ciyar da gidanka, amana ce a hannunka.

Akwai abu ɗaya da ke ci mini rai fiye da duk waɗannan. Tun zamanin Rumawa ake cewa guntule wutsiya na hana haukan kare, har yau ina jin mai faɗar haka a ƙauye. Ba ta hanawa. Cutar a yawu take, ta cizo take shiga, kuma da alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa kuma yara ne. Maƙwabtanmu na Njamena sun gwada abin da ke aiki: a 2012 da 2013 suka bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura har suka wuce kashi 70 cikin 100, aka yi watanni da dama ba a ga kare mai cutar ba a birnin. Mu a nan ana biyan mai almakashi kuɗi, kwikwiyon kuwa ko allura ɗaya bai gani ba.

Don haka ga roƙona. Ka ce wa jikanka ya dawo mini da kwikwiyon in ya cika wata uku, in yi masa allurar haukan kare, in ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Ban kore shi ba, wuƙar kaɗai na hana. Kai kuma, in ka yarda, kafin a fita farautar rani zan zo har gida da akwatina in duba karnukanka duka. Cikin 'ya'yan da karyarka za ta haifa, ka bar mini ko biyu da kunnensu da wutsiyarsu, ka shiga daji da su tare da sauran, bayan shekara ka bugo waya cikin shirin ka faɗa wa jama'a abin da idonka ya gani.

A gaida mutanen gida.

Ɗanka,
likitan dabbobi, Garwa